Me kwamfuta ke buƙata kafin ta kunna faifan Blu-ray?

Tambaya: Malam, ina da kwamfutar tebur mai furosesa Core i5 na ƙarni na 8, RAM ɗinta gigabait 8, tana da makarancin DVD, kuma allon yana haɗe da ita ta wayar VGA. An ba ni kyautar faya-fayan fim na Blu-ray, wasu an rubuta Ultra HD 4K a jikin kwalinsu. Na saka ɗaya, ko alamar ta gan shi ba ta yi ba. Wani ya ce sai na sayi katin hoto mai tsada, na ƙara RAM. Me ya kamata in saya?

Amsa: Kada ka sayi katin nan, RAM ɗin ma ka bar shi yadda yake. Wanda ya ba ka shawara ya ɗauka rashin ƙarfi ne ke damun kwamfutarka, alhali ƙarfinta ya ishi Blu-ray har da rara. Abin da ka rasa shi ne makarancin da zai iya ganin faifan, da manhajar da aka ba izinin buɗe shi, da kuma waya da allon da faifan zai amince ya nuna hotonsa a kansu. Faya-fayan 4K kuwa zancensu daban ne. Zan zo kansu, amma tun yanzu ka sani labarin ba mai daɗi ba ne.

Dalilin da ya sa ba ta ga faifan ba a bayyane yake. A ido, DVD da Blu-ray girmansu ɗaya, faɗin santimita 12, amma rubutun da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Makarancin DVD yana karatu da jan hasken leza mai tsawon zango nanomita 650. Na Blu-ray yana amfani da shuɗin haske mai nanomita 405, wanda ya fi siranta, don haka yake iya bin layukan da aka matse su ƙwarai: tazarar layi da layi a DVD maikromita 0.74 ce, a Blu-ray 0.32. Ga shi kuma bayanan Blu-ray suna kusa da fuskar faifan, zurfin milimita 0.1 kacal, na DVD kuwa 0.6. Da wannan ne faifai mai hawa ɗaya ya tashi daga gigabait 4.7 zuwa 25, mai hawa biyu daga 8.5 zuwa 50. Jan hasken makarancinka ba zai taɓa ganin wannan rubutu ba, kuma babu manhajar da za ka sauko da ita ta gyara hakan. Sai dai a canza makarancin.

Sayen makarancin ba shi da wahala. Akwai na ciki da ake ɗaurawa a gurbin inci 5.25 a haɗa da wayar SATA, akwai na waje mai USB. Akwai mai karatu kawai, akwai mai karanta Blu-ray ya rubuta DVD, akwai mai rubuta duka. In kallo kaɗai kake so, mai karatu ya isa, kuma dukkansu suna karanta tsofaffin DVD da CD ɗinka. Kada lambar gudu ta ruɗe ka. Gudun 1x a Blu-ray megabit 36 ne a daƙiƙa, fim kuma ba ya neman fiye da megabit 54 a daƙiƙa. Makaranci mai 2x ma ya wuce haka, ballantana masu 6x da 16x da ake sayarwa. Ko tsohuwar kafar USB 2.0 tana ɗaukar wannan cikin sauƙi. Inda sirarren makarancin waje ke ba da matsala shi ne wuta. USB 2.0 miliyamfa 500 take bayarwa, USB 3.0 kuwa 900, shi kuma injin juya faifai yana jan wuta sosai a lokacin da yake tashi. Shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu. In ka ji faifai yana ƙoƙarin juyawa yana tsayawa, ka fara zargin wuta kafin ka zargi makarancin. Ka jona shi a kafar bayan kwamfuta kai tsaye, ba ta akwatin ƙara kafofin USB mara wutar kansa ba.

Ka duba kwalayen da aka ba ka da kyau, kada a sami HD DVD a ciki. Wani tsari ne da Toshiba ta jagoranta, ya yi gogayya da Blu-ray tun daga 2006, faifansa na ɗaukar gigabait 15 ko 30. Bayan Warner Bros. ta koma ɓangaren Blu-ray a Janairun 2008, Toshiba ta janye a watan Fabrairu. Shi ma shuɗin haske yake amfani da shi, amma makarancin Blu-ray ba ya karanta shi.

Shawarar da aka ba ka ta katin hoto tana da asali, sai dai zamaninta ya wuce. Hoton Blu-ray ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600 a kowane hoto guda, ninki biyar zuwa shida na DVD. Bidiyon kaɗai yakan kai megabit 40 a daƙiƙa, na DVD kuwa iyakarsa 9.8. An kuma matse shi da ɗaya daga cikin tsare-tsare uku: MPEG-2, ko VC-1, ko H.264, wanda ya fi sauran wahalar warwarewa. A 2006 furosesa ne ke ɗaukar kusan dukkan wannan aiki, kuma har masu ƙwaƙwalwa biyu irin su Core 2 Duo da Athlon 64 X2 sukan jigata, hoto ya riƙa tsalle, murya ta wuce leɓe. A 2007 aka sami sauƙi, lokacin da Nvidia ta fito da GeForce 8500 da 8600, AMD kuma ta fito da Radeon HD 2400 da 2600, kowanne da wani sashe na musamman da ba shi da aiki sai warware bidiyo. Intel ta biyo baya a 2008 da G45. Tun daga nan wannan sashe ya zama abin da ake samu a kusan kowace kwamfuta. Furosesarka tana ɗauke da UHD Graphics 630 a cikinta, wanda ke warware tsare-tsaren nan uku ba tare da ita furosesar ta ji a jikinta ba. Abin lura a nan: kati mai tsada an yi shi ne domin wasanni da zane mai nauyi, sashen warware bidiyonsa kuwa sau da yawa iri ɗaya ne da na ƙaramin kati a zuriyarsu. RAM kuma, a farkon zamanin Blu-ray gigabait 1 ake nema. Kana da 8.

To, yanzu ga inda ƙurar take. Ka sayi makaranci, ka saka faifai, Windows ta nuna maka shi, ka buɗe ka ga jakar BDMV da manyan fayiloli a ciki, ka danna, babu abin da ya fito. Ba lalacewa ba ce. Kusan duk faifan fim na kasuwa a kulle yake da wani tsari da ake kira AACS, wanda kamfanoni takwas suka kafa: Disney, Warner Bros., Sony, Panasonic, Toshiba, Intel, IBM da Microsoft. Kullen na AES ne mai bit 128, kuma ba a ba da makullin sai ga na'ura ko manhajar da ta biya lasisi ta kuma amince da sharuɗɗa. Wasu faya-fayan suna da ƙarin kulle mai suna BD+, jerin zaɓin da ke fitowa a farkon fim kuma galibi da harshen Java aka rubuta shi, dole manhajar ta iya tafiyar da shi.

Duk da Microsoft na cikin waɗanda suka kafa AACS, Windows ba ta taɓa zuwa da makunnin fim na Blu-ray ba. Daga Windows 8 ma DVD ɗin aka cire. Apple ita ma ba ta taɓa sa shi a Mac ba. Don haka sai ka sayi manhaja mai lasisi. Sanannu su ne PowerDVD ta CyberLink da WinDVD ta Corel. Ka karanta da kyau kafin ka biya, domin ba kowane matakin PowerDVD ke kunna Blu-ray ba, mafi araha ba ya yi. Wani lokaci makarancin kan zo da manhaja a kwalinsa, amma yawanci tsohuwa ce, kuma tsufa a nan illa ce ta gaske. Kowane sabon faifai yana ɗauke da jerin makullan da aka soke. In makullin manhajarka ya shiga jerin, ko wa'adinsa ya ƙare, sai ta nemi sabuntawa ta intanet, in kuma kamfanin ya daina kula da wannan fitowar, shi ke nan, fim ɗin bara zai yi, na bana ya ƙi. Mutane da yawa sukan ɗauka makarancinsu ne ya mutu.

Za ka ji ana cewa ai VLC na kunna komai. Tana kunna faifan da ba a kulle ba, kamar wanda mutum ya rubuta da kansa. Amma ba ta zuwa da makullan AACS. Masu amfani da ita a kan faifan kasuwa sai sun nemo makullan daga wani wuri, kuma hukuncin yin haka ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, alal misali, dokar DMCA ta 1998 ta hana karya irin wannan kulle. Ban da batun doka ma, hanyar ba ta da tabbas: wannan faifai ya yi, wancan ya ƙi, jerin zaɓi ya maƙale. Ga mai son ya saka faifai ya zauna kallo, ba ita nake ba da shawara ba.

Sai wayar VGA ɗinka, wadda ita ce cikas na uku. Masu fim ba su tsaya a kulle faifai ba, sun ce hoton ma kada ya fita daga kwamfuta zuwa allo a buɗe, kada wani ya tare shi a hanya ya kwafe. Wannan shi ne HDCP, tsarin da Intel ta ƙirƙira. Kafin fim ya fara, sashen hoto da allo sai sun gaisa, kowanne ya nuna wa ɗan'uwansa shaidar lasisi, kamar masu gadin da ke jere a ƙofofi: ko guda ɗaya ya ce bai san ka ba, ba ka wucewa. VGA tsohuwar waya ce da ba ta san wannan gaisuwa ba sam. Manhaja mai lasisi ko dai ta ƙi nunawa, ko ta rage hoton. A ƙa'idar AACS akwai alamar da mai fim zai iya sawa a faifai, ta sauko da hoto zuwa 960 da 540 a irin waɗannan wayoyi, wato kwata na abin da ka saya. HDMI tana ɗaukar HDCP, DisplayPort ma haka. DVI kuwa sai an duba, domin akwai tsofaffin allo da katuna masu DVI da ba su da shi. Leƙa bayan allonka. In akwai kafar HDMI a jikinsa da kuma jikin kwamfutar, waya kawai za ka saya. In VGA kaɗai gare shi, sai dai ka canza allo ko ka ja waya zuwa talabijin. Kada ka dogara da ɗan abin nan mai juya HDMI zuwa VGA, haka nan akwatin raba hoto, da na sauya allo tsakanin kwamfutoci, da wasu tashoshin jona laftof masu tura hoto ta USB. Kowannensu na iya katse gaisuwar, ka ga baƙin allo sauti na fita. Allo na biyu mara HDCP da ke jone ma yakan jawo hakan, ko da ba a kansa kake kallo ba.

Tunda ana zancen allo, in bai kai 1920 da 1080 ba, fim zai yi, amma ba za ka ga abin da ka biya ba. Allo mai 1366 da 768 kusan rabin ɗigon kawai yake nunawa. Akwai kuma wani abu da masu tsara kwamfuta ba su cika ambata ba. Yawancin fina-finan da ke Blu-ray hoto 24 ne a daƙiƙa, ko a ce 23.976, allon kwamfuta kuwa sau 60 yake sabunta kansa. 60 ba ta rabuwa da 24 daidai, sai a nuna wannan hoto sau uku, na gaba sau biyu. A wurin da kyamara ke tafiya a hankali za ka ga ɗan tangal-tangal. Wannan ba rashin ƙarfi ba ne, kuma sabon kati ba ya maganinsa. Maganinsa allo ko talabijin da ke karɓar 24, ko mai 120, wanda ke nuna kowane hoto sau biyar cif.

Sauti ba shi da matsala in lasifikan kwamfuta ko abin kunne za ka yi amfani da su, manhajar za ta warware ta ba ka. In kana da babbar na'urar sauti mai lasifika shida ko takwas, kana son Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio yadda suke, to ta HDMI za ka tura. Wayar S/PDIF ba ta da faɗin ɗaukarsu, Dolby Digital ko DTS na da kawai take wucewa da su.

Ka kuma duba harafin yanki a bayan kwali. An raba duniya uku: A ta ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, C kuma Rasha da Sin da Indiya da maƙwabtansu. Faya-fayai da dama ba su da wannan shinge. Ga masu shi, a kwamfuta manhaja ce ke riƙe da yankin, kuma yawanci sau biyar take bari a canza kafin ta tsaya a na ƙarshe. In faya-fayanka sun fito daga yankuna daban-daban, ka lissafa kafin ka fara dannawa.

Yanzu ga na 4K. Ultra HD Blu-ray ya fito a 2016, hotonsa 3840 da 2160, ninki huɗu na Blu-ray, a faifai mai gigabait 66 ko 100, an matse shi da sabon tsari mai suna HEVC, ga kuma HDR, wato ƙarin haske da zurfin launi. Ta fuskar ƙarfi kwamfutarka na iya warware wannan ma. Amma tun a ƙarshen 2006 da farkon 2007 masu fim suka ɗanɗana kuɗarsu, lokacin da aka zaro makullan AACS daga ƙwaƙwalwar kwamfutoci yayin da manhajoji ke kunna fim, aka watsa su a intanet. Da suka zo tsara AACS 2.0 sai suka ce kwamfuta ba za ta taɓa makullin ba sai a cikin wani keɓaɓɓen sashe na furosesa da ko Windows ba ta iya leƙawa. Wannan sashe shi ne SGX na Intel. A kan haka sharuɗɗan suka taru: furosesar Intel daga ƙarni na 7 zuwa na 10, babban allon ciki (motherboard, wanda furosesa ke zaune a kansa) da saitinsa na BIOS ke ba da damar kunna SGX, kafar HDMI 2.0a mai HDCP 2.2 a jikin wannan babban allo, allo ko talabijin mai HDCP 2.2, Windows 10 mai bit 64, da makaranci mai shaidar Ultra HD Blu-ray. Rubutun BDXL a jikin makaranci, wanda ke nufin yana karanta faifai mai hawa uku ko huɗu, ba shi ne wannan shaida ba. Furosesar AMD ba ta taɓa shiga ba. Kuma dole hoton ya fito daga sashen hoto na Intel da ke cikin furosesa. Ka ga ke nan, katin da aka ce ka saya, da ka jona allo a jikinsa, shi da kansa zai rufe maka wannan ƙofa.

Furosesarka ta faɗa cikin waɗannan ƙarnuka, amma kada ka yi murna. Yawancin manyan allunan ciki na wancan lokaci HDMI 1.4 gare su, kaɗan ne aka sa wa abin da ke kai su 2.0. Sannan masu bincike sun yi ta gano ɓaraka a SGX, irin su Foreshadow a 2018, Intel kuma ta daina sa shi a furosesocin gida daga ƙarni na 11. Daga baya CyberLink ta cire kunna faifan 4K daga sababbin fitowar PowerDVD. Abin ya zama sabuwar kwamfuta mai tsada ba ta iyawa, tsohuwar da ke iyawa kuma manhajar ta bar ta. Ni dai ba zan sa kowa ya kashe kuɗi a wannan hanya ba. In kana son 4K daga faifai, sayi na'urar kunna Ultra HD Blu-ray ta talabijin. Xbox One S da Xbox Series X da PlayStation 5, in dai masu makaranci ne, duk suna kunna shi. PlayStation 4 kuwa, har da Pro, Blu-ray na 1080 kaɗai take yi. Faifan 4K dai ba shi da shingen yanki. Kafin ka sayi komai ma, buɗe kwalayen nan, domin da yawa sukan zo da faifai biyu, ɗaya 4K, ɗaya Blu-ray na fim ɗin.

Ga yadda zan bi da shi in ni ne. Wayar HDMI tukuna, tunda ita ce mafi araha, ka tabbatar allon ya ɗauka, ka sabunta manhajar sashen hoto ta Intel. Sai makaranci. Sai manhaja, kuma in kamfanin na ba da ta gwaji, ka tabbatar tana kunna Blu-ray, ka gwada da faifan da ya fi sabunta cikin naka. In ka haɗa kuɗin makaranci da na manhaja ka ga sun kai na na'urar kunna faifai ta talabijin, kuma ba ka da wani aiki da makarancin kamar adana bayanai a faifai, to na'urar ta fi sauƙin zama da ita.

In an haɗa komai abu ya ƙi, alamar ce za ta nuna maka wurin. Kwamfuta ba ta ga faifan ba sam: makaranci ne, ko wuta, ko datti a fuskar faifai, sai a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki. Ta gan shi amma manhaja ta ce a sabunta: makullan AACS ne. Sauti na fita allo baƙi, ko an rubuto saƙo kan kariyar hoto: HDCP ne, cire duk abin da ke tsakanin kwamfuta da allo, ka cire allo na biyu. An rubuto cewa faifan ba na wannan yanki ba ne: harafin bayan kwali. Hoto na tsalle kuma furosesa ta cika maƙil: shiga saitin manhajar ka kunna warware bidiyo ta sashen hoto, domin wani lokaci a kashe yake zuwa.